Hukuncin Kaka

Ranar da na karɓo shaidar digirina, wani abokina ya ba ni tsarabar Amurka: cakulan Reese's, mai niƙaƙƙiyar gyaɗa a ciki. Ban ɗanɗana ba sai da na isa Ajingi, domin a can alƙaliyar gyaɗa take.

Kakata ta tsufa a bakin turmi tana matsar mai, ana kai mata ƙuli-ƙuli kasuwar Gaya. Da cinikinsa na yi karatu, abin da na shekara huɗu ina ɓoye wa abokai.

Ta gutsura, ta juya a baki, ta yi shiru.

"Maigida, ai tunkuza ce aka yi wa riga. Gishiri ya ji, sukari ya zarce, suya kuwa da saura."

"Nawa kika ba ta cikin goma, Kaka?"

"Shida. Ɗaya na rigar ne."

Na yi dariya, sannan kunya ta lulluɓe ni. Ɗan ƙasar da ta taɓa tara dalar gyaɗa, sai da baƙo ya naɗe masa ita a takarda ya ga darajarta. Da zan koma Kano, na cika jaka da ƙuli-ƙulinta, na kai wa abokin nan tukuici, na kuma faɗa masa wadda ta soya.