Burodin Makiyayan Ostareliya a Murhunmu

Yau kam sai ku ɗaura ɗamara, don za mu yi nisa, har ƙasar Ostareliya, amma ba za mu bar gindin murhu ba.

Ku 'yan makaranta kun san tsakiyar ƙasar nan fako ne da hamada, garuruwan kirki galibi suna bakin teku. Bayan da Turawan Ingila suka sauka Sidni a 1788, jikokinsu suka yi ta kutsawa ciki da shanu da tumaki. Akwai wani burtali a yammacin ƙasar, ana ce da shi Kanin, tsawonsa ya fi mil 1,000. Makiyayi sai ya yi watanni bisa doki bai ga kasuwa ba. Guzurin mako da aka saba ba ma'aikacin daji shi ne laba 10 na garin alkama, laba 10 na nama, laba 2 na sukari, da rubu'in laba na ganyen shayi. To, ina tanderu a daji? Sai ya kwaɓa gari da gishiri da ruwa, ya turbuɗa cikin toka mai zafi. Wannan shi ne damfa. Ku lura fa, ban ce damfara ba! Tun kafin zuwan Turawa ma, mutanen ƙasar na asali sun yi dubban shekaru suna niƙa 'ya'yan ciyawa a dutse suna gasawa haka.

Ni dai tun muna kwalejin horon malamai na ji labarinsa, amma sai Asabar ɗin nan na gwada. Na farko kuwa ya ba ni kunya. Na yi ta murza kwaɓin kamar mai yin taliya, ya fito tauri kamar dutsen niƙa. Iya ta ɗaga ta juya shi, ta ce, "'Yar nan, haka ake ɓarnar gari a makarantar taku?" Da tsadar fulawa, ban ga laifinta ba.

Ga yadda na biyun ya yi kyau. Gari kofi 3, bakin hoda ƙaramin cokali 4, gishiri kaɗan, man shanu babban cokali 2. Ki murtsuke man cikin garin da yatsu, ki zuba madara ko ruwa wajen kofi 1, ki haɗa sama-sama kawai, kada ki wahalar da shi. Ki mulmula, ki tsaga gicciye a kai da wuƙa. Sa shi a tukunyar ƙarfe ki rufe, garwashi kaɗan a ƙasa, mai yawa a kan murfi. Bayan kamar minti 30 ki ƙwanƙwasa gindinsa. In ya yi ƙara kamar ganga, ya nuna.

Su can da ruwan sukarin rake mai kauri suke ci, da baƙin shayi. Mu zuma muka sa. Ku ci da zafinsa, don in ya kwana bushewa yake yi. Iya ta ci yanka biyu, ba ta ce kome ba, sai da dare na ji tana tambayar ƙanwata ko da saura.