Zauren da ba nawa ba

Kafin Inna ta rasu na ɗauki muryarta a kaset-kaset, tatsuniyoyi da waƙoƙin daɓe na Damagaram. Daga baya na juye su cikin tsohuwar kwamfutata. Da ɗiyata, wadda take karatu a Jami'ar Abdu Mumuni ta Yamai, ta buƙace su domin kundinta, sai na ƙudura cewa daga ɗakina za ta saurare su. Raina bai kwanta da in ba wani kamfanin waje ajiyar muryar mahaifiyata ba.

Wani tsohon ɗalibina ya zaunar da ni, yau shi ne malam. Ya ce akwatin intanet na gida tamkar zaure ne. Duniya adireshi guda ta sani, na ƙofar gida. Ɗakunan ciki kuwa, wato wayoyi da kwamfuta, suna da lambobinsu na cikin gida, irin 192.168.1.10, waɗanda bare ba ya gani. Wanda ya fita aike ana buɗe masa in ya komo. Baƙon da ba a aika kiransa ba, ko ya yi sallama sau goma, babu mai amsawa. Sai maigida ya bar sallahu: duk wanda ya zo ta ƙofa mai lamba kaza, a kai shi ɗaki kaza. Ƙofofin sun haura 65,000. Mu 8080 muka zaɓa.

Muka shiga shafin akwatin ta 192.168.1.1, muka tsaida lambar kwamfutar don kada ta canza, muka rubuta sallahun, muka sa kalmar sirri mai tsawo. Ni da nake gyara wa yara jimla shekara ashirin, hannuna rawa yake bisa layi guda.

Ɗiyata ta ƙwanƙwasa daga Yamai. Shiru.

Ɗalibin ya duba adireshinmu na waje, ya ga ya fara da 100.64, ya yi murmushi. Adireshin tsohon tsari, IPv4, kusan biliyan 4 da miliyan 300 ne kacal, kuma babban rumbunsu ya ƙare tun 2011. Shi ya sa kamfanin da nake biya ya tara mu da yawa bayan adireshi ɗaya. Ashe zaurena cikin zauren wani yake, ni ɗan haya ne, sallahuna bai kai titi ba.

Abin ya sosa mini rai fiye da yadda na zata.

Washegari na zuba muryar Inna cikin ƴar ma'ajiyar USB, na naɗe ta da takarda, na kai tasha. Direban ya jefa ta aljihun gaba, tare da goronsa.