Fim ɗin da ka saya a waya, naka ne ko na aro?

'Yan uwana ɗalibai, akwai kalma ɗaya da manhajojin kallon fina-finai ke rubutawa wadda ni ban yarda da ita ba, wato "saya". A kasuwar Sheme in ka sayi akuya, ka biya, an sa albarka, ka ja abarka gida, magana ta ƙare. Ko mai akuyar ya bar ƙasar, akuya na nan a turkenka. Amma fim ɗin intanet fa? Izinin kallo kawai aka ba ka, kayan kuma suna hannun mai su.

Ni ɗan Faskari ne, kuma duk wanda ya fito daga yankinmu ya san abin da ya faru a watan Satumbar 2021. Saboda matsalar 'yan bindiga aka katse layukan sadarwa a ƙananan hukumomi 13 na jihar Katsina, ciki har da Faskari da Ƙanƙara da Sabuwa, aka shafe watanni babu sabis. Lokacin ina gida. Akwai fina-finan Hausa uku da na biya kuɗinsu a wata manhaja, har na sauke su a wayata. Da aka kwana biyu sai suka ƙi buɗewa, wai sai manhajar ta leƙa intanet ta tabbatar ni ne. Ina intanet ɗin? Mutane na yin tafiya mai nisa don su samu su yi kira ɗaya tak. Wallahi na san fim ba shi ne damuwar kowa ba a lokacin, rayuka ake magana. Amma na lura da abu guda: tsofaffin faya-fayan CD na yayarmu suna ta aiki, haka ma abin da ke cikin memori. Wanda aka biya wa kuɗi ta halal shi ne ya kulle.

Kada wani ya ce matsalar ƙauyenmu ce kawai. A shekarar 2022 kamfanin Sony ya sanar da mutanen Jamus da Austiriya cewa zai cire fina-finan StudioCanal daga cikin waɗanda suka riga suka saya a PlayStation, saboda yarjejeniyar da ke tsakanin kamfanonin biyu. A 2024 kuma jihar Kalifoniya ta Amurka ta yi doka cewa mai sayar da irin waɗannan kaya kada ya rubuta "saya" sai ya bayyana wa mutum cewa lasisi ne kawai yake biya. Su da ke da wuta da sabis dare da rana ke nan. Ina ga mu? Kayan aro dai ba ya rufe katara.

To, ba ina cewa mu koma shagon masu turawa a loda mana na sata ba ne. Satar fasaha tana cikin abin da ya durƙusar da kasuwar CD ta Kannywood, har masu shirya fim suka koma YouTube, inda muke kallon Izzar So da Labarina, wasu kuma suka nufi manhajoji irin su Northflix da Kallo. Mai ɗaukar hoto da mai haɗa sauti suna da iyali, haƙƙinsu ne a biya su.

Abin da nake cewa shi ne mu san me muke biya. Kuɗin ɗalibi a ƙirge yake: ga handawut, ga abinci, ga data, ga kuɗin mota zuwa gida. Kafin ka tura ko sisi, bincika: kwana nawa fim ɗin zai yi a hannunka? Zai buɗe babu sabis? In ka canza waya ko aka sace ta, zai biyo ka? In manhajar ta rufe, wa za ka tambaya? Ni yanzu fim ɗin da zan kalla a makon nan kaɗai nake biya wa, ba na tara su don hutu.

Ku kuma abokanmu na sashen kwamfuta, ga aikin kammala karatu a gabanku. Ku ƙirƙiro hanyar da mutumin Sabuwa zai biya mai fim haƙƙinsa, ya kuma kalli abinsa ko da sabis ya ɗauke wata uku.