Mai gadin da Alhaji ya ɗaure wa baki

A Gangara, cikin ƙasar Damargu, akwai wani Alhaji mai fataucin gero da wake. Shekaru ashirin da suka wuce ya sayo injin kuran daga Damagaram, ya sa aka ja masa waya ɗaki-ɗaki. Aka kafa allon katako a zaure, ƙarƙashin rufin azara da zana, aka jera fizibil uku a kai. A wancan zamani kayan gidan ba su wuce ƙwan lantarki biyar da rediyo ba. Yau ga firji, ga dutsen guga, ga talabijin, ga salular maƙwabta da ake kawowa caji. Injin ma an sake babba. Allo dai shi ne na jiya.

Fizibil ɗan siririn ƙarfe ne da aka yi shi da gangan don ya narke. In kaya suka fi ƙarfin waya, shi ke fara mutuwa, gida ya tsira. Alhaji ya gaji da wannan mutuwa. Ran nan ya tsinke ana cikin hira da baƙi, sai ya sa yaronsa ya yanko wayar jan ƙarfe mai kauri aka ɗaura a gurbinsa. Wuta ba ta sake ɗaukewa ba, Alhaji ya yi hamdala.

Lissafin kuwa ba shi da wuya ga wanda ya saba da awon tiya. Kuran na gida volt 220 ne. Fizibil mai amper 10 yana ɗaukar wat 2200. Dutsen guga shi kaɗai yakan ci 1000, ƙarfen dafa ruwa 1500. Da an haɗa su an wuce iyaka. In babu abin da zai narke a kan allo, zafin sai ya koma cikin waya, yana dafa robarta a ɓoye.

Wani dare na hunturu uwargida ta ji ƙaurin roba. Ta tarar allon ya yi baƙi, tartsatsi na zuba, zana ta soma hayaƙi. Bayan bangon nan buhunan kaka ne da jarkokin man inji, gaba kaɗan kuma yara na barci. Allah ya ba ta natsuwa: ba ta taɓa tulu ba, domin ruwa a kan kuran ajali ne. Ta kashe inji, sannan ta watsa rairayi.

Washegari aka kira mai gyara daga Tanut. Ya tarar kusoshin sun saki, ƙura ta cika allo, robar waya tana marmashewa kamar busasshen ganye.

«Ɗana, shekara ashirin bai taɓa yi mini haka ba.»

«Baba Alhaji, ai ya sha gaya muku. Mai gadi ne ya yi ihu, kuka ɗaure masa baki.»

Wannan magana ba ta Gangara kaɗai ba ce. Ta shafi ma'aikacin da aka yi wa canjin wurin aiki ya kama hayar tsohon gida a Tanut ko Damagaram, da mai kanti da ya jona injin sanyi a wayar da aka ja don fitila. Nijelek, wanda aka kafa a 1968, yana kawo wuta zuwa konter. Abin da ke bayansa amanar mai gida ce. Masu aikin sun san ƙa'ida: waya mai kaurin 1,5 ta fitila ce, mai 2,5 ta jona kaya. Mai faranti na hasken rana shi ma kada ya saki jiki, domin batir marar fizibil yana iya jan waya ta yi ja wur. Alamomin ba ɓoyayyu ba ne: ƙauri, baƙin tabo, ɗumi a jikin allo, ƙwai mai kyafta ido.

Ƴan kasuwa sun san kuɗin gobara. Babbar kasuwar Yamai ta ƙone a 1982, ba a buɗe sabuwa ba sai 1987. Can ma birni ne mai motocin kwana-kwana. A ƙauyen Damargu, kafin taimako ya iso, toka ta huce.

Alhaji ya sake allo da waya, aka sa masa dijonter mai faɗuwa da kansa. Kuɗin bai kai na buhu uku ba. Yanzu in ya faɗi, ba ya faɗa. Sai ya leƙa cikin gida ya ce a zare dutsen guga. Allah ya tsare bayinsa.