Haruffan da Ido Ba Ya Gani

Duk wanda ya buɗe rubutu a kwamfuta yakan ɗauka abin da idonsa ya gani shi ne iyakar abin da ke ciki. Alhali kuwa a tsakanin haruffan akwai waɗansu da ba su da siffa ko kaɗan, aikinsu kawai ba wa na'ura umarni.

Kwamfuta ba ta san harafi ba, lamba ta sani. Tsarin ASCII, wanda aka fitar a Amurka a 1963 aka kuma yi masa gyara a 1967, ya tanadi lambobi 128, kowace da abin da take wakilta; babban harafin A, alal misali, shi ne 65. Daga cikinsu guda 33, wato daga 0 zuwa 31 da kuma 127, ba a ba su siffar da za a buga ba.

Asalinsu yana komawa ga injin buga saƙon waya irin na wancan zamani, mai kama da tafireta. Idan layi ya ƙare, injin yana bukatar motsi biyu: ya koma farkon layi, sannan ya mirgina takarda sama. Saboda haka aka ba wa na farko lamba 13, ana kiransa CR, na biyu kuma lamba 10, wato LF. Lamba 7 kuwa ƙararrawa take bugawa don jawo hankalin ma'aikaci. Ita ma 127 tana da dalilinta. A lokacin ana adana saƙo ne a siririyar takarda da ake hudawa, ramin da aka huda kuma ba ya toshuwa. Idan an yi kuskure sai a huda dukkan gurabe bakwai, injin ya tsallake wurin.

Injinan sun shuɗe, amma gadonsu bai gushe ba. Har yau Windows na rufe layi da CR da LF tare, yayin da Linux da Mac na zamani suka wadatu da LF kaɗai. Shi ya sa aka daɗe ana ganin rubutun da aka ɗauko daga Linux ya dunƙule a layi guda cikin Notepad, sai a 2018 aka magance matsalar.

Da tsarin Unicode ya fito a 1991 don ɗaukar rubutun duniya baki ɗaya, sai ɓoyayyun haruffa suka ƙaru. Larabci da Ajami daga dama suke tafiya zuwa hagu, boko kuma akasin haka, don haka idan suka haɗu a jimla ɗaya akan bukaci alamar da za ta nuna alkiblar kowane. Akwai harafin U+200C da Farisawa ke amfani da shi don hana haruffa biyu sarƙewa, akwai kuma U+200D mai haɗa ƙananan hotunan namiji da mace da yaro su zama hoton iyali guda a waya.

A nan ne haɗarin yake. Harafin U+202E yana juya duk abin da ya biyo bayansa. Idan mugu ya sa wa manhajar cutarwa suna "rahotofdp.exe", ya cusa wannan harafi bayan "rahoto", mai karɓa zai ga "rahotoexe.pdf", ya buɗe da zaton takarda ce. A 2021 masu bincike biyu na Jami'ar Cambridge, Nicholas Boucher da Ross Anderson, sun nuna cewa da irin waɗannan haruffa ana iya rubuta manhaja ta yadda abin da injiniya ya karanta ya bambanta da abin da kwamfuta za ta aiwatar. Sun kira dabarar Trojan Source.

Ga lauya da akawu da edita, wannan ba batun injiniyoyi kaɗai ba ne. Sunaye biyu masu kama ɗaya a rumbun bayanai na iya ƙin daidaituwa saboda ɓoyayyen harafi guda. Maɓallin ¶ a Word yana bayyana wasu daga cikinsu, kuma duba ainihin nau'in fayil kafin a buɗe shi ya fi dogaro da sunan da ke kan allo aminci.