Sifinja, Amaryar Ƙarfe: Zagaye Cikin Gadarif Ta Hanyar Motocinta

Kowane gari da abin da aka san shi da shi. Kasala na tinƙaho da duwatsun Taka, Bur Sudan na tinƙaho da teku, mu kuwa mutanen Gadarif in aka tambaye mu sai mu ce dawa da riɗi. To, amma dawa ba ta da ƙafa, riɗi kuma ba ya tashi sama. Dole sai da abin da zai ɗauko su daga gona ya kai su kasuwa. Saboda haka a wannan wata nake so mu zaga garinmu tare, mu dube shi ta wajen motocinsa da mutanen da ke riƙe da ransu.

Abin da ya jawo wannan magana shi ne ɗalibaina. Yaran yanzu kowa da waya a hannu, sun san Ferrari da Porsche kamar a gidansu aka haife su. Suna ba ni labarin tseren da ake yi a Amurka, inda motoci biyu ke jerawa a miƙaƙƙen fili, su cinye mita 305 cikin ƙasa da daƙiƙa huɗu, da gudun da ya wuce kilomita 500 a awa. Sun san cewa a shekarar 2022 an sayar da wata tsohuwar Mercedes ƙirar 1955 a kan Yuro miliyan 135. Duk wannan gaskiya ne, kuma son mota ba laifi ba ne. Amma in ka tambaye su labarin tsohuwar lorin da ke wucewa ta ƙofar makaranta kullum, sai su yi dariya, alhali kuwa ita ce tamu motar tarihi.

Mu fara daga kasuwar amfanin gona. Tun zamanin da ake kiran garin nan Suk Abu Sin kasuwa ce ta kafa shi, har yau kuma ita ce zuciyarsa. In kaka ta yi, daga watan Oktoba da ake yankan riɗi zuwa lokacin da dawa ke shigowa, sai ka ga motoci sun yi layi, 'yan dako na hawa suna sauka, dillalai na ta ciniki. Can gefe ga babban rumbun siminti da aka gina da taimakon Tarayyar Sobiyet a shekarun 1960, wanda ake hangowa tun kafin a shigo gari. Cikin layin akwai manyan tireloli masu zuwa Bur Sudan, akwai Hino da Nissan. Amma ka lura da wata mai dogon hanci da zagayayyun kumatu, an yi mata fenti kala-kala, an rataya mata geza da madubai. Ita ce Sifinja.

Sunanta na yanka Bedford TJ. Kamfanin Bedford na Ingila ya fara ƙera ta a 1958, ya kuma daina yin manyan motoci a 1986. A ƙasar da aka haife ta an daɗe da mantawa da ita, sai a wajen masu ajiye kayan tarihi. A Indiya an ƙera irinta, a Pakistan kuma har yau ana ƙawata ta ana kiranta Roket. Mutanen Sudan suka sa mata Sifinja, wato sunan takalmin soson nan da muke sawa, saboda taushin tafiyarta a kan muguwar hanya.

Daga kasuwa sai mu gangara unguwar masu sana'a, wadda ake kira mantiga sina'iyya. Tun kafin ka isa za ka ji ƙarar guduma da warin walda. A nan ne mutum zai gane cewa Sifinja ba motar Bature ba ce kuma. Tun tana sabuwa, al'adar maƙeran Sudan ita ce su kwance ta su sake gina ta. Sukan ƙarfafa ƙashin bayanta da ƙarin ƙarfe, su ƙara mata ganyen sifirin don ta ɗauki lodin da ya fi wanda aka yi ta dominsa, su ƙara tankin mai saboda doguwar tafiya, su ƙera mata bodin ƙarfe mai tsawo, sannan su gyara ɗakin direba su lulluɓe shi da yadi mai laushi. Garuruwa irin su Shandi da Madani da Ubayyid da Umdurman sun yi suna a wannan aiki. Wani masani Bajamushe, Kurt Beck, ya yi rubutu a kansa, kuma a 2009 wata Bajamushiya, Valerie Hänsch, ta fitar da fim mai suna Sifinja, inda aka kira motar amaryar ƙarfe. Wato baƙi sun zo daga Turai sun ga abin mamaki a wurin da mu muke wucewa muna toshe hanci.

Na zauna da wani tsohon usta a warsharsa, aka kawo mana jabana. Na ce masa, "Baba Usta, yaya kuke yi da kayan gyara, tunda kamfanin ya mutu?" Sai ya nuna mini tulin ƙarafa a bayan rumfa, ya ce, "Ustaz, ai mota ba ta mutuwa sai in mai gyaranta ya mutu." Abin da ba a samu a kanti ba, a cire daga wata da ta kwanta. Abin da ba a samu a can ba, a kai wa mai injin sassaƙa ƙarfe ya fitar da shi. Shi ustan bai yi makarantar boko ba, amma da kunne yake gane ciwon inji, kamar yadda uwa ke gane kukan ɗanta. Yadda ake koyon sana'ar kuwa sananne ne. Yaro ya fara da wanke sifana da miƙa guduma, ko ya bi mota a matsayin musa'id, wanda 'yan'uwanmu na Nijeriya ke ce wa yaron mota, yana dafa abinci, yana duba ruwa da taya, har ran da maigida zai miƙa masa sitiyari.

Mutanenmu ba baƙi ba ne a wannan fage. Kakanninmu da yawa da ƙafa suka zo ƙasar nan a kan hanyar Makka, wasu kuma bayan yaƙin Burmi na 1903, har aka kafa garin Maiwurno a bakin Shuɗin Nilu. Jikokin masu tafiyar ƙasa su ne suka zama direbobi da masu lori, a Maiwurno da Madani da nan Gadarif. Gidaje nawa ne a unguwanninmu aka gina da kuɗin tuƙi? Yara nawa aka sa makaranta da gumin makaniki? Kowa ya duba danginsa zai samu amsa.

Yanzu mu fita bayan gari, mu nufi yamma wajen Gadambaliya. A nan ne aka fara noman inji a Sudan a tsakiyar shekarun 1940, daga nan ya bazu har ya zama gonaki masu faddan dubu ko fiye. Ƙasar baƙa ce, laka ce zalla. Da rani ta dare har ƙafar yaro na iya faɗawa, da damina kuwa ta zama taɓo mai kama taya kamar danƙo. Jirgin ƙasa ya iso Gadarif a ƙarshen shekarun 1920, kwaltar da 'yan Sin suka shimfiɗa daga Madani ta zo a shekarun 1970, amma har yau mafi yawan gonaki ba kwalta ke kai mutum ba. A irin wannan ƙasa ake gane mota. Motar tseren da ɗalibaina ke yabo, wadda cikinta ke kusan shafar ƙasa, ba za ta yi taku goma a nan ba. Sarakunan wurin su ne jar tarakta Massey Ferguson, da tsohuwar Land Rover, da Toyota Hilux da muke kira boksi, da kuma Sifinja. Gwanin direba a nan shi ne wanda ya san inda zai bi bayan ruwan sama, ya san giyar da zai sa, ya fito da lodinsa da mutanensa lafiya. Wannan ma gasa ce, kuma direbobi na ba da labarinta a wurin mai shayi kamar yadda ake ba da labarin 'yan dambe.

Ba za a yi maganar mota a Sudan ta yau a tsallake yaƙi ba. Tun da faɗa ya ɓarke ran 15 ga Afrilu 2023, mun ga fuska biyu ta mota. Land Cruiser buɗaɗɗiya da ake kira tatshar ta zama dokin yaƙi, an kuma kwashe motocin bayin Allah ba adadi a Khartum da Jazira. A ɗaya gefen, lokacin da Madani ta faɗi a Disamba 2023, da lokacin da Sinja ta faɗi a tsakiyar 2024, tsofaffin lori na cikin abin da ya kwaso mata da yara da tsofaffi zuwa Gadarif, an ɗaure gadaje da tukwane a sama. Motar da ake yi wa dariya ta fitar da mutane kunya ran da mai ya yi tsada, hanya ta yi wuya, kayan gyara suka yanke. An karɓo Madani a Janairu 2025, amma warshoshin da aka wargaza ba a rana ɗaya za su tashi ba.

To, ga inda damuwata take. Ustocin da suka san sirrin wannan sana'a suna tsufa, kuma iliminsu a ka yake, ba a takarda ba. Samarinmu kuwa da yawa sun fi son raksha ko babur, don kuɗin yau-yau. Wasu ma sun mai da titi filin tsere, suna kwaikwayon abin da suka gani a waya, sun manta cewa masu tseren can a killataccen fili suke yi, da hular kwano da motar asibiti a tsaye. Mu a nan titin ɗaya ne da amalanken jaki da 'yan makaranta. Gaggawa dai aikin Shaiɗan ce, kuma wanda ya bar uwarsa da kuka bai ci gasar komai ba.

Shawarata ga iyaye ita ce, in yaro ya nuna son mota kada a kashe masa gwiwa, kada kuma a cire shi daga makaranta. A bar shi ya yi karatu da safe, in an yi hutu a kai shi wajen usta amintacce. Motocin zamani da kwamfuta ake binciken ciwonsu, saboda haka makanikin gobe sai ya iya karatu da lissafi, kamar yadda yake buƙatar kunne da hannu irin na tsofaffi. Ku kuma ɗalibai, ga aikin hutu: kowa ya nemi tsohon direba ko makaniki a unguwarsu, ya gaishe shi da ladabi, ya tambaye shi hanyoyin da ya bi, da sunayen sassan mota da Hausa da Larabci, da dabarun fita daga taɓo, ya rubuta ya aiko wa wannan shafi. In mun tara su, mun ajiye wa na baya abin da ba a saye a kanti.

Allah Ya kiyaye direbobinmu a kan hanya, Ya ba ƙasarmu zaman lafiya, Ya sa albarka a damina mai zuwa. Sai mun haɗu a wata na gaba.