Cinikin Tsohon Inji a Umdurman

A shekarar 2018 Allah ya kai mu ƙasar Sudan, muka sauka a Umdurman gidan wani dattijo Bahaushe wanda kakanninsa suka baro Sakkwato bayan yaƙin Burmi na 1903. Niyyarmu ita ce ziyarar Kubbar Mahadi da Gidan Halifa, amma sai mai masaukinmu ya ce mu fara raka shi ciniki. Ya sayar da filinsa domin ya saya wa ɗansa injin sassaƙar ƙarfe, wanda mutanen can ke kira makharaɗa, ya kafa masa a zaure.

Da sassafe muka haye gadar Farin Nilu zuwa Hartum. A unguwar masana'antu aka nuna mana wani inji ya sha koren fenti, sai ƙyalli yake yi. Mai shi ya rantse daga ma'aikatar jirgin ƙasa ta Atbara ya fito. (Daga baya muka lura kusan kowane dillali haka yake faɗa.) Mu dai har mun yaba. Amma tsohon makanikin da muka tafi da shi bai ko dubi fentin ba. Sai ya kama keken da ke ɗauke da wuƙar, ya ɗan tsuke shi a kusa da bakin injin, ya tura shi baya. Bai kai rabi ba ya cije. Ya ce wa mai masaukinmu, "Alhaji, gadon ya cinye." Dalili kuwa, yawancin aiki a kusa da baki ake yin sa, ga ƙurar habub tana haɗuwa da mai ta zama kamar dutsen wāshi. Haƙorin giya in ya karye ana yanko wani, amma gyaran gado sai ya ci kuɗin injin.

Muka komo Umdurman bayan azahar. A can ƙuryar wani shago muka tarar da wani ƙirar Colchester na Ingila, baƙi ƙirin da dauɗa. Makanikin ya ɗaura ƙarfe a bakinsa ya jijjiga, bai ji motsi ba. Ya sa aka tayar da shi a kowace giya yana kasa kunne. Sannan ya fere sandar ƙarfe mai tsawon taƙi guda, ya auna kaurinta kai da gindi, suka zo kusan daidai. Aibinsa biyu: zaren da yake yankawa na inci ne, alhali kusoshin motocin Japan na milimita ne, sai an nemo ƙarin giya, motarsa kuma mai layin wuta uku ce, gidan Alhaji layi ɗaya gare shi. Da waɗannan aka rage kuɗi, bayan an sha shayi har zagaye uku. Nauyinsa ya fi rabin tan, sai da ƙarti takwas da bututun ƙarfe aka gangara da shi cikin zaure.

Shekara biyar yaron yana fere wa masu famfon ban-ruwa da masu Keke kayan gyara. Da yaƙi ya ɓarke a watan Afrilu na 2023, iyalin suka gudu Gadarif. Injin bai ɗauku ba. Alhaji ya gaya mana ta waya cewa sun shafe gadon da giris, suka lulluɓe shi da tamfol, suka kulle zauren.